Ranar da Wahabu Ya Ajiye Wuƙa

A Komah, cikin Sokode, mahauta suna da yawa, amma a zamanin da nake magana mai yanka ɗaya ne. Sauran su kayar da sa, su ɗaure shi, su juya shi alƙibla, sannan su ja baya su jira Wahabu. Shi zai zo ya tsuguna, ya shafa wuyan dabbar kamar mai lallashin yaro, ya yi bisimilla, ya ja wuƙa sau ɗaya. Ba a taɓa ganin ya ɗaga hannu ya sake ja ba. Ni fatu nake saye a bakin kwata, saboda haka kusan kowace safiya a gabana ake yi.

Nama kowa na iya sayarwa. Yanka kuwa amana ne. Mutum zai zauna a gidansa ya ci tuwo da miya, bai ga dabbar ba, bai ga wuƙar ba, abin da ya dogara a kai kawai shi ne sunan wanda ya yanka. In aka ce yankan Wahabu ne, babu mai ƙara tambaya. Ubansa ma aikin da ya yi ke nan. Kakansa kuwa cikin fataken goro ya zo, ya sauka a zango da niyyar kwana biyu, bai sake tashi ba.

Wahabu ba mai yawan magana ba ne. Matarsa Safiyatu, mai kokon safe a ƙofar gida, ita ke yin maganar su biyu. Mutum ɗaya ne ke iya buɗe masa baki, wato Djibril direba, ɗan gwaggonsa. Taubasai ne, kuma kowa ya san tsakanin taubasai babu maganar da ta yi nauyi. In Djibril ya biyo ta kwata sai ya tsaya daga nesa ya ce, "Mala'ikan shanu, yau rai nawa ka ɗauka?"

Wahabu ba ya ko ɗaga kai. "Bai kai na kajin da ka take a hanyar Bafilo ba."

Haka suke tun suna yara.

Sai shekarar dogon yajin aiki ta zo. Waɗanda suka gani sun san yadda ta kasance, waɗanda ba su gani ba Allah ya hutar da su. Ofisoshi a rufe, hanya cike da shingaye, wani na soja, wani na samari, kowa da tambayarsa. Da abin ya yi zafi a Lome, mutanenmu da ke can suka kwaso yara da tukwane suka dawo gida. Ɗakin da ke ɗaukar mutum huɗu ya koma ɗaukar goma. Gidan Wahabu ma ya cika da 'ya'yan ƙanwarsa. Su suka zo da ƙarambau.

Yaran suka yi, suka warke, suka koma wasansu. Sai abin ya faɗa kan mai gidan, wanda ashe bai taɓa yi ba yana ƙarami. Ƙuraje suka feso masa har cikin gemu. Safiyatu ta shafe shi da farar ƙasa tun daga goshi har ƙafa. Na je gaishe shi na tarar da Djibril a zaure yana riƙe da ciki.

"Yaya Awal, zo ka ga abin mamaki," ya ce da ni. "Gemu har ƙirji, ga ciwon 'yan yaye. Wahabu, in kawo maka zanen goyo?"

"Kawo," in ji Wahabu. "Amma ka aro bayan da zai ɗauke ni. Naka ya lanƙwashe a kan sitiyari."

Muka yi dariya, har da Safiyatu daga cikin gida. Ban san dariyar ƙarshe ke nan da zan ji tsakaninsu ba.

Azumi ya kama a tsakiyar zafi. Shanu suka yi wuya, domin masu kawo su daga arewa suna tsoron hanya. Sarkin Fawa ya ce in ba a tura wani ba, ƙaramar salla za ta zo babu nama a gari. Wahabu yana da idon dabba, shi aka zaɓa. Ɓawon ƙurajen bai daɗe da zubewa ba. Safiyatu ta ce ya ƙara hutawa, ya ce ai ciwon yara ne, ya wuce. Ya hau mota zuwa Dapaong, wadda mu tsofaffi har yau muke ce wa Dapango.

Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji, bayan lokaci mai tsawo, a hankali, kalma bayan kalma. Ya sauka a zango wurin mai masaukinsa, wani dillalin shanu mai suna Huseini. Aka ce musu akwai dabbobi a kasuwar Nano, suka tafi ranar cin kasuwa. Tun da safe yake jin ƙeyarsa ta yi nauyi, ya ɗauka ƙishirwar azumi ce. Huseini ya shiga cikin shanu, shi ya tsaya baya. Sai ƙasa ta fara tafiya a ƙarƙashinsa kamar ya hau kwalekwale. Ya nufi wata bishiya, ƙafafun suka kai shi wani wuri dabam. Ya yi amai a rigarsa, ya faɗi.

Inda ya faɗi kuwa bakin rumfar masu burukutu ne, wanda mutanen Moba ke ce wa cakpa. Wata mata mai sayarwa ta bar tukunyarta, ta ja shi inuwa, ta zuba masa ruwa a ka. Ba ta jin Hausa sosai, shi ba ya jin Moba. Ta ɗebo ruwan randa a ƙwarya ta kai masa baki. Ruwa ne zalla. Amma ƙwarya irin ta rumfar ce, domin ba ta da wata. Matafiyi ne, kuma mara lafiya, littafi ya yarda masa ta fuska biyu. Ya sha.

A daidai lokacin wata babbar mota cike da dawa ta biyo hanyar, tana tafiya a hankali saboda cinkoson kasuwa. Djibril ne a gaba. Ya leƙo ta taga ya ga taubashinsa zaune cikin mashaya, da rana tsaka, ƙwarya a baki.

"Kai, Wahabu! A nan kake buɗa naka bakin?"

Wahabu ya ɗaga hannu, ya so ya ce masa tsaya, ba ni da lafiya. Harshen ya ƙi. Abin da ya fito jan murya ne kawai, irin na wanda ya bugu. Ya yunƙura ya tashi, ya yi tangaɗi ya koma ƙasa. Motoci suna danna oda a baya, kuma a shekarar direba ba ya son yamma ta same shi a hanya. Djibril ya wuce yana dariya.

Huseini ya kai shi wani ƙaramin asibitin 'yan mishan a Dapaong. Magani ya yi ƙaranci a lokacin, amma akwai likita. Ya sa shi ya miƙe tsaye, ya kasa. Ya ce ya taɓa hancinsa da yatsa, yatsan ya tafi lafiya, sai da ya kusa hancin ya fara lilo, ya sauka a kunci. Ya duba idanunsa ya ga suna rawa. Sai ya ga tabon ƙuraje, ya tambayi yaushe aka yi su. Ya gaya wa Huseini cewa a ƙeya akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa, ita ke saita tafiya da harshe da kai hannu inda aka nufa. Wani lokaci, bayan ƙwayar cuta irin ta ƙarambau ta wuce, sai wurin ya kumbura. Hankalin mutum yana nan garau, jikin ne ba ya bin umarni. Ya ce yara sun fi samun abin, kuma galibi sukan warke sarai. Babba kuwa, sai an jira an gani.

Maganar likita ta tsaya a ɗakin da aka yi ta. Maganar Djibril kuwa tana da mota.

A tashar Sokode ya ba da labarin, ana shan shayi bayan buɗa baki. Na yi imani wasa yake. Ya tashi ya kwaikwayi tafiyar, ya kwaikwayi muryar, aka yi ta ƙyaƙyatawa. A wata shekarar da an watse an manta, an ce taubasai ne. Amma a wannan shekarar kowa yana lura da wanda kowa ke zama da shi, da inda aka ga wane, da abin da wane ya ɓoye. Mutane sun saba jin cewa wanda suka yarda da shi ba haka yake ba. Kafin salla labarin ya bar tasha ya shiga gidaje, kuma ya bar dariyar a baya. Wata ta ce dama ta lura idonsa yana ja. Wani ya ce to shekara nawa muka yi muna cin me?

Bayan salla da 'yan makonni Huseini ya rako shi gida. Na gan shi ranar da ya sauka. Yana tafiya ƙafafu a ware, hannu ɗaya a bango. Na ce masa sannu da zuwa, ya amsa, amma sai da na jira kalmomin suka gama fitowa. Yara suka bi shi a baya suna yin yadda yake yi.

Safiyatu ta yi iyakar ƙoƙarinta. Duk wadda ta zo sayen koko sai ta yi mata bayanin likita, da ƙeya, da kumburi.

"Allah sarki," in ji wata maƙwabciya. "Ƙarambau, ko? Namu yaran duk sun yi, ga su can suna tsalle. Nasa ne dai ya sauka a ƙafa."

"Likita ya ce..."

"Ai likita ba zai tona asirin mara lafiya ba, Safiyatu. Zuba mini na kullum."

A masallaci babu wanda ya ce masa komai. Sai dai wanda ke kusa da shi a sahu yakan ɗan karkato, ya ja numfashi. Da ba a ji wari ba, aka ce kanumfari yake taunawa. Sarkin Fawa ya zo har gida, ya zauna, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya ce, "Ka huta tukuna, Wahabu. Karimu zai riƙe maka wuƙa kafin ka ji ƙarfi." Karimu ƙanin Sarkin ne. Ba a faɗi ranar da za a mayar ba.

Djibril ya rikice. Ya bi tasha, ya bi kwata, yana rantsuwa cewa wasa yake. Aka ce masa, "Ka gan shi da ƙwarya ko ba ka gan shi ba?" Ya ce ya gani. Aka ce, "To." Wasu suka yaba masa, wai ɗan halak ne, yana rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Kafin babbar salla ƙafafun sun fara dawowa. Ya bar bango, yana tafiya da sanda, daga baya ya ajiye sandar. Harshen ma ya saki, saura ɗan nauyi. Hannun dama ne ya rage. In ya ajiye shi a cinya, shiru, kamar na kowa. In ya miƙa zai ɗauki buta, sai ya tafi daidai har ya kusa, sannan ya fara kaɗawa. Safiyatu kaɗai ta san wannan, da shi.

A Komah akwai gidajen da babu namiji babba, kuma kowace layya Wahabu ke zagayawa ya yanka musu. A wannan shekarar duk suka aika wa Karimu, ban da gida ɗaya. Hajiya Khairiya, tsohuwar mai goro, wadda bakinta ya fi goronta ɗaci, ta tsaya a ƙofar gidanta ta ce yadda kowa zai ji, "Uban Wahabu ya yanka wa mijina, shi Wahabun ya yanka mini tun da na yi takaba. Ban ga ƙwarya ba, ban ga rumfa ba. A kira mini Wahabu."

Safiyatu ta yi kuka don murna. Ta wanke masa farar riga. Ta ce in ya yanka ragon Hajiya a gaban mutane, sau ɗaya kamar yadda ya saba, magana ta mutu. Gaskiyarta ce. Shi ma ya sani. Ya ce wataƙila hannun da ya manta buta ba zai manta wuyan rago ba. Ya wasa wuƙa.

Da aka sauko daga idi, gidan Hajiya ya cika kamar ana biki. Mutanen da ke da nasu ragunan a ɗaure suka bar su suka zo. Wasu a zaure, wasu a kan katanga. Ni ma ina nan, fatar ragon tawa ce kowace shekara. Aka kayar da ragon, fari ne mai baƙin kunne, aka juya shi alƙibla. Wahabu ya tsuguna ba tare da ya dafa kowa ba. Ya shafa wuyan da hagu. Ya ɗaga wuƙa da dama, kowa ya ga hannun tsaye cak, ko gezau.

"Bismillahi, Allahu akbar."

Wuƙar ta sauko. Saura kamar faɗin tafin hannu ta taɓa fata, sai ta fara lilo, hagu, dama, kamar reshe cikin iska. Ya janye. Da ya janye, hannun ya tsaya.

Babu wanda ya yi tari.

Ya sake yin bisimilla, ya sake saukowa. Wannan karon lilon ya fi na farko, har tsinin wuƙar ya yanki ɗan gashi. Ya janye, hannun ya sake tsayawa shiru. Daga kan katanga wani ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma a irin wannan shirun babu ƙasa-ƙasa.

"Kun gani? Lafiyarsa lau, sai an ambaci sunan Allah."

Hajiya ta juya ta ce, "Wane ɗan iskan ne? Sauko ka faɗa a gabana!" Sannan ta sunkuyo kusa da Wahabu. "Ɗana, ɗora ta a wuyan kawai ka danna. Ko sau goma ka ja, ni zan ci. Ragona ne."

Zai iya. Mutum uku suna danne da dabbar. Da ya ɗora wuƙar ya yi ta gurzawa, da jini ya fito, da an ce dai ya yanka. Na ga ya dubi ƙofar cikin gida inda Safiyatu ke tsaye da mayafi a baki. Sannan ya dubi ragon, wanda ke numfashi da sauri a ƙarƙashin hannunsa na hagu.

"Hajiya," ya ce, a hankali, yana ɗaga kowace kalma kamar dutse, "zai sha wuya. Kuma in hannun ya tashi a tsakiya, layyarki ta zama mushe."

Ya juya wuƙar, ya riƙe ta ta baki, ya miƙa wa Karimu ƙotar. Ko a miƙawar sai da hannun ya kaɗa. Ya tashi ya fita, mutane suka buɗe masa hanya fiye da yadda yake bukata. Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci, an ce ya amsa laifinsa da kansa.

Damina ba ta ƙare ba ya kwashe iyalinsa ya koma Dapaong. Huseini ya sama masa wuri a kasuwar shanu. Idonsa bai lalace ba: ya dubi saniya ya gaya wa mai saye ko za ta kai kudu da ƙafarta. Riƙe igiya kuma ba ya bukatar saiti. Safiyatu ta kafa tukunyar koko a zangon can. Djibril, duk lokacin da ya yi arewa, yakan sauke doyar Sokode a ƙofar gidansu, ya yi sallama, ya gaisa a tsaye. Wahabu yakan ce, "An gode, Malam Djibril." Djibril ya ce, "Ba komai, Malam Wahabu." Wanda ya san su da, ya ji wannan malam ɗin, ba ya bukatar a ƙara masa bayani.

Shekaru suka wuce, ƙasa ta lafa. Wata bazara ƙarambau ya sake zagaya Komah. Cikin yaran da suka yi akwai Amira, jikar limamin unguwa, 'yar shekara huɗu. Ta warke, tabon ya bushe. Wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar masallaci, sai ga ta ta fito daga gida wurin kakanta, ƙafafu a ware, tana tangaɗi, tana dafa bango. Wani saurayi ya fara dariya, ya ce, "Kai, yarinyar nan kamar ta sha..." Bai ƙarasa ba. Liman ya miƙa mata dabino. Ta kawo hannu, ya zo daidai, saura kaɗan ya fara lilo, hagu, dama. Ta ce "Kaka" da harshe mai nauyi.

Sarkin Fawa yana wurin. Karimu yana wurin. Mutumin kan katanga ma yana wurin, gemunsa ya fara fari. Kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Aka kai ta lopital, wato asibiti, aka dawo da bayanin da Safiyatu ta taɓa yi a bakin tukunyar koko. Kafin kaka yarinyar tana gudu.

Da sayen fatu ya kai ni Dapaong, na neme shi a kasuwa. Ya rame, ya yi furfura. Muka zauna a inuwar mota, na ba shi labarin Amira tun daga farko. Ya saurara, hannun yana kwance a cinyarsa.

"Ta warke?"

"Ta warke sarai."

"Alhamdu lillahi. Yara suna warkewa, haka likita ya ce." Can ya ce, "Yaya Awal, mutane me suka ce?"

Na so in kawo masa wani abu. Na duba, ban samu ba.

"Ba su ce komai ba."

Ya gyaɗa kai. Aka kira shi ya duba wani bijimi, ya tashi ya tafi, da ɗan saurin da bai kai na da ba.

A Dapaong ya rasu, a can aka binne shi. Da labari ya iso Komah, aka taru a ƙofar tsohon gidansu aka yi addu'a. Liman ya ce marigayi mutumin kirki ne, ba a san shi da wani abu ba sai alheri. Kowa ya shafa, ya ce amin.